Ƙararrawar Garejin Yunana

A daren wata Alhamis ne na fara jin ƙarar. An idar da sallar magariba ke nan, ina zaune bakin ƙofar ɗakina da ƙwaryar fura a cinya, ban ko kai ludayi baki ba.

Ƙirrr. Ƙirrr. Ƙirrr. Sau uku, sai shiru.

Na san wannan ƙarar kamar yadda mutum yake sanin tarin maƙwabcinsa. Ƙararrawar garejin Yunana kafinta ce, wanda katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Sai dai Yunana ya kwana arba'in da 'yan kai a ƙarƙashin ƙasa. Ƙararrawar kuma ba ta kaɗawa sai an kawo wutar Nepa, rabon unguwarmu da wutar Nepa kuwa shekara uku, tun daminar da aradu ta faɗa wa taransifomarmu ta bar ta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

Na ajiye ƙwaryar, na waiwaya. Akwai ƙwan fitila guda ɗaya a ɗakina, yana rataye a tsakiyar azara. Ranar da wuta ta tafi makunninsa a kunne yake, ban kuma kashe shi ba tun daga ranar, kamar yadda akan bar ƙofa a buɗe saboda wanda ya yi tafiya. Ƙwan nan yana ci. Ba da ƙarfi ba, wani haske ne ja-ja irin na idon mai zazzaɓi. Na leƙa waje. Gari duhu ne har bakin gonakin rake na Kurmin Kogi, ba kuma wanda ya yi ihun an kawo wuta. Ni kaɗai aka kawo wa.

Sunana Inuwa. A aji huɗu na bar makaranta, mahaifina ya ce bokon ya isa haka, shanun huɗa suna jira. Abin da ya rage mini shi ne karatu a hankali da son abin da ba a saba gani ba. Ina da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai gatarin aradu da na tsinta a Janfalan, da gyaɗa mai 'ya'ya biyar, da kan ƙusa da na taɓa samu a ƙundun kaza. Mutane suna cewa tsufa ne. Yunana kaɗai ne yakan juya abin a tafin hannunsa ya ce, "Malam, wannan kam sai a ajiye."

Shi ma ai yana da irin tasa. Ya gina gareji tun yana da ƙarfinsa saboda motar da zai saya, motar ba ta zo ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Sai garejin ya zama shagon aikinsa, da injin yankan katako, da na gogewa, da benci mai tsawon mutum biyu. Wutar garejin da hannunsa ya ja ta, waya bisa waya, shekara talatin. Ta Nepa ta shigo ta nan, ta janareta ta ɓullo ta can. Da sola ta yi yayi, ya ɗora farantin sola biyu a kan kwanon rufi, ya kawo batir da inbata, wato akwatin da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Bangon gabas duk wayoyi ne, sun nannaɗe juna kamar jijiyoyin ceɗiya.

Yunana bai iya rubutu ba, saboda haka tsumma yake ɗaurawa. Kowace waya da nata ƙyallen. Ja na janareta ne. Shuɗi, wanda ya yago daga tsohon ankon coci na matarsa Serah, na wayar da ke shiga cikin gida ne. Fari kuwa, hannun rigar makarantar 'yarsu Judith, na wayar Nepa ne mai fita waje zuwa turke. "Ka bi tsumma," yakan ce, "tsumma ba ya ƙarya." Haka ya koya wa Judith, har ta girma ta tafi Makarfi tana aiki da masu haɗa sola.

Ƙararrawar ta tsohon kekensa ce. Ya haɗa ta da ɗan injin wata rediyo mai kaset, ya maƙala a wayar Nepa, don ko yana gona a bayan gida ya ji an kawo wuta ya rugo ya tayar da injin. Abu na ƙarshe da ya ƙera kafin ciwo ya kwantar da shi kuwa, wani ɗan ido ne na gilashi da ya ciro daga matacciyar fitilar titi, ya kafa a taga. In rana ta faɗi, idon ya ga duhu, sai inbata ta kama da kanta, fitilun cikin gida su haskaka. Ganin Serah ya fara rauni, ba ya so ta riƙa laluben makunni a bango. Da ya rasu, Judith ta ciccire wayoyi daga inbata da batir, ta kulle garejin.

Da gari ya waye na zagaya gidan. Na tarar da Serah tana shara, abin da rabon in ga ta yi da kanta tun kafin jana'iza.

"Maman Judith, kin tashi lafiya? Ya gida? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam. Ya ƙafar taka?"

"Da sauƙi."

Ta jingine tsintsiyar, ta dube ni. "Kai ma ka ji?"

"Na ji."

"Lokacin da yake rufe shago ke nan. Kullum. Ya rataya zarto, ya karkaɗe wando, ya shigo yana tambaya ko tuwo ya nuna."

Na ce mata wanda ya tafi ya tafi, a addininmu da naku duka. Ta ce ta sani, ba ta ce ya dawo ba, cewa kawai ta yi lokacinsa ne. Sannan ta ba ni labari. Ashe jiya da rana Judith ta biyo a gurguje, ta mayar da wayoyin jikin inbata, ta ce in duhu ya yi fitilun gida za su kama kamar da, ta ruga don kada motar Makarfi ta bar ta. Duhu ya yi. Fitilun gida ba su kama ba. Ƙararrawa ce ta kaɗa.

"Ta bugo mini waya da daddare tana tambaya," in ji Serah. "Na ce mata sun kama."

"Ƙarya, a bakin mai zama sahun gaba a coci?"

"Allah zai gafarta mini wannan. In na faɗa mata gaskiya, da filaya za ta zo." Ta matso kusa, ta rage murya. "Malam, shekara talatin kana cin goron mutumin nan. Ka yi mini alkawari ba za ka gaya wa yarinyar ba."

Na yi mata alkawari. Ban ma faɗa mata maganar ƙwan ɗakina ba. Kafin in fita na leƙa garejin ta kafar ƙofa. Wayoyin suna nan baƙi ƙirin da hayaƙi da dusar katako, amma tsummokaran da ke jikinsu fes suke, shuɗin kamar yau aka rina shi. Na ajiye wannan a raina, cikin abubuwan da ban gane ba.

Daga ranar, kowace magariba sai ta kaɗa. Sau uku. Ƙwan ɗakina ya yi ja, ya zauna haka har wajen tsakar dare, sannan ya dushe a hankali. Nakan zauna in zuba masa ido. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Duk abin da na tara a akwatina matacce ne, wannan kuwa yana zuwa da ƙafarsa, kuma ni ya zaɓa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa game da wayar unguwarmu. Bayan taransifoma ta ƙone, ɓarayi sun bi turaku sun yanke wayoyi sun tafi da su. Tsawon turke biyu kawai suka bari: daga turken ƙofar Yunana, ta ratsa ta kan ɗakina, ta faɗa cikin gidan Maiwada, maƙwabcina na ɓangaren yamma. Matar Maiwada, Indo, jikar wana ce, a hannun marigayiya matata ta tashi. Da ta ga guntun waya ya faɗo mata tsakar gida, sai ta ɗaure bakinsa a reshen darbejiya da robar tayar keke, ta mai da shi igiyar shanya. Matan unguwa har ƙyashinta suke yi, don ba ta tsatsa, ba ta ɓata farin kaya.

A rana ta huɗu na shiga gidan aron gatari, na ga ƙadangare a darbejiyar. Ƙafafunsa na gaba suna kan wayar, na baya suna kan icen, ya bushe a haka, bakinsa a buɗe. Na ɓamɓare shi na kai akwatina. A rana ta bakwai Indo ta zo tana mita, ta nuna mini wani zane da ta manta a shanya ya kwana, raɓa ta jiƙa shi, bakinsa ya taɓa ƙasa. Layi ne a jikinsa, miƙaƙƙe, launin ƙasa-ƙasa, kamar an ɗora dutsen guga an manta.

Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya haɗa ɗaya da ɗaya. Duk abin da ke zuwa ɗakina da magariba, ba a ɗakina yake tsayawa ba. Yana wucewa.

Na ce mata, "Amarya, ki riƙa kwashe shanyarki kafin rana ta faɗi."

"Tsoho mai ran ƙarfe! Kishi kake yi kada wani ya ga zannuwana?"

"Ba wasa nake ba. Kada ki taɓa wayar nan da magariba."

"Aljanu ne suka dawo da Nepa?" Ta tuntsire da dariya. "Ka je ka ƙirga duwatsunka. Shekara uku ina shanya a kanta, ko cizon cinnaka ba ta taɓa yi mini ba. Miji ne kai, ko mai gadin igiya?"

"To, ki yi mini don girman furfura."

"Na ji. Dama da la'asar nake kwashewa."

Sai na kama wannan maganar tata na riƙe. Da la'asar take kwashewa. Na yi ta maimaita wa kaina.

Duk da haka, da yamma na shiga gidan Serah da niyyar in warware alkawari. Na same ta a kan kujerar tsuguno a gaban ƙofar garejin, ta yi wanka, ta ɗaura kallabi. Kwanon tuwon Yunana yana gefenta a rufe. Ta miƙo mini tabarma ba ta ko dube ni ba.

"Malam, tun da aka binne shi ban runtsa ba sai kwanakin nan. Yanzu da ta kaɗa, in ci tuwona, in ba Indo nasa ta kai wa awaki, in kwanta. Har mafarki nake yi."

Na buɗe baki, sai kiran sallah ya tashi.  Duhu ya sauko ta kan katanga, ya rufe tulun ruwa, ya rufe ƙafafunmu. Ƙirrr. Ƙirrr. Ƙirrr. A kusa, ƙarar tana da wani ɗan kaushi a ƙarshenta, kamar mutum yana gyaran murya.  Serah ta yi murmushi ta ce, "Sannu da aiki."

Na tashi na tafi masallaci. Na ce wa kaina gobe. Goben nan sau biyar na faɗe ta.

Ranar kasuwar Ikara, Maiwada ya ɗora buhun barkono a bayan mashin, Indo ta hau, suka tafi tun da hantsi. Ta yi wanki kafin su fita, ta cika wayar da kaya, har da babban zanen gado. Bayan azahar hadari ya haɗu ta gabas, irin na ƙarshen damina mai zuwa ba sallama. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke, amma gajimaren bai tafi ba. Ya zauna a kan gari, baƙi, mai nauyi. Kaji suka fara shiga akurki tun rana da saura.

Ina kwance ina sauraron ɗigar indararo sai wani tunani ya tashe ni zaune. Idon da Yunana ya kafa a taga bai san agogo ba, bai san ladan ba. Duhu kawai ya sani. Yau kuwa duhu ya zo da wuri.

A daidai nan na ji mashin ɗin Maiwada ya tsaya a ƙofar gida.

Ban san inda sandata take ba. Na fita ba takalmi, ina dafa bango. Taɓo ya riƙe mini ƙafa, gwiwata ta ƙi miƙewa. Daga ƙofata zuwa tasu taku ashirin ne, ranar nan sai na ga kamar daga nan zuwa Kudan. Da na kai zauren, Maiwada yana kwance igiyar kaya daga mashin. Na wuce shi. A tsakar gida Indo ta tuɓe takalmanta saboda taɓo, tana tsaye cikin ruwan da ya kwanta a gindin darbejiya. Ta kama wayar da hannu biyu, ta janyo ta ƙasa don ta kai ga zanen gadon, tana faɗan ruwan da ya ɓata mata wanki.

Na buɗe baki in kira sunanta. Iska ce kawai ta fito.

Ƙirrr.

Hannayenta suna kan wayar. Na ga yatsunta goma, a jiƙe.

Ƙirrr.

Ta juya kanta wajen gidan Yunana, ta yamutsa fuska.

Ƙirrr.

"Yau kuma tun rana ba ta faɗi ba?" in ji ta, ta saki wayar don ta riƙe ƙugu.

Wayar ta yi sama ta dawo. Zanen gadon ya zame, bakinsa ya faɗa cikin ruwan. Sai muka ji cuuu, kamar an tsoma jan ƙarfe a ruwan maƙera. Wani shuɗin tartsatsi ya yi tsalle, tururi ya tashi, warin ƙonannen yadi ya cika gidan. Indo ta ƙwalla ƙara ta yi baya, Maiwada ya cafe ta ya ja ta har bakin zaure. Ashe yana bayana, ya ga komai.

Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna da ba takalmi. "Baba Inuwa, me ya fito da kai a guje?"

Na dubi wayar da ke lilo.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Ya kai kwana goma."

Bai zage ni ba, don girman shekaruna. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Indo tana kuka tana duba tafin hannunta, tana juya su, ba ko tabo.

Ihun ya fito da Serah. Ta tsaya a ƙofar zauren da mabuɗi a hannu, ta dubi zanen da ke hayaƙi, ta dubi Indo. Na gaya mata duka: ƙwan ɗakina, ƙadangaren, zanen farko. Ban taɓa ganin fuska ta tsufa a tsaye kamar yadda tata ta yi ba. Ta juya, muka bi ta. Ta buɗe garejin da kanta. Inbata tana ƙugi a kusurwa, da ɗan koren haske a goshinta.

"Maiwada," in ji ta, "ka cire."

"Mama, wanne?"

"Duk wanda zai sa ta yi shiru."

Ya naɗe hannunsa da busasshen buhu, ya ɗauki filayar Yunana, ya kwance wayar batir. Ƙugin ya tsaya. Serah ta zaro wayarta ta salula daga ƙugu, ta miƙa wa Indo ta nemo mata lambar Judith, don ba ta ganin rubutun.

Motar farko ta safe ce ta sauke Judith. Ta gaishe ni a tsugunne kamar kullum, amma ba ta yi mini wasan da ta saba ba. Ta rungume Indo ta daɗe. Sannan ta shiga garejin da jakar aikinta, ta fito da wata 'yar na'ura mai allura biyu, tana dangwala wa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Muna bakin ƙofa muna kallo. Ta kama wayar da ke da shuɗin tsumma, ta bi ta da yatsa, ta bi ta, har ta ga ta huda bango ta fita waje wajen turke. Ta dawo ta shinshina tsumman.

"Mama, wa ya taɓa tsummokaran nan?"

"Ba kowa."

"Ƙamshin sabulu suke yi."

Serah ta sunkuyar da kai. Ta ce bayan jana'iza, da mata suka taru aka wanke tufafinsa don a raba wa dangi, ta shigo ɗaukar rigar aikinsa, ta ga tsummokaran sun yi baƙi. Ta ce ba za ta bari baƙi masu zuwa gaisuwa su ga mijinta ya bar ƙazanta ba. Ta kwance su duka, ta wanke, ta goge, ta mayar.

"Kowanne na mayar da shi inda na ciro shi," in ji ta. "Haka nake zato. Shuɗi da fari kusa da juna suke."

Judith ta zauna a kan bencin babanta, ta dafe kai. "Shekara huɗu ina wannan aiki, ban taɓa haɗa waya ban gwada ba. Ko ogana ne ya nuna mini, sai na gwada. Amma na ga tsumman Baba." Ta share ido da bayan hannu. "Wutar da ya kamata ta shiga gida, ni na tura ta waje, ta bi layi har gidan Indo. Baba Inuwa, kai ma da ka sani ka yi shiru?"

Na ce, "Ni ma."

Kwana biyu ta yi tana aiki. Ta zare wayoyin bangon gabas kaf, ta tara su a tsakar gida, tulin ya kai gwiwa. Ta yanka falanki daga cikin katakon babanta ta kafa a bango, ta ɗora masa babban makunni mai hannu, wanda suke kira canjoba, yadda in wutar sola tana shiga ta janareta ba za ta iya shiga ba, kuma babu wadda za ta fita waje. Ta sa sababbin wayoyi cikin bututu, ta jera soket a gefen benci daidai ƙugun mutum, don kada waya ta sake bin ƙasa cikin dusar katako. Injin yanka da layinsa, na gogewa da nasa, cikin gida da nasa. Ta ce da kaka ta wuce za ta dawo ta buɗe shagon. Wayar Nepa kuwa ta datse ta a jikin bango, ta toshe ramin da siminti. Maiwada ya hau tsani ya sauke ragowar daga turaku, ya naɗe. Indo ta ce ko kyauta ba ta so, igiyar rama za ta saya.

Da aka sauke ta kan ɗakina, na hau kujera na kwance ƙwan fitilata. Na naɗe shi a tsohuwar hula, na sa a akwati kusa da ƙadangaren. Shi ne kaɗai abin da na ajiye a ciki da ba na son buɗewa in gani.

Judith ta rubuta sunan kowane layi da fenti. Serah ta tsaya tana kallo, sannan ta ce ita ba ta ganin rubutu. Judith ta ajiye fentin. Ta je ta tsinto tsummokaran daga cikin tulin, ta gwada kowane layi sau biyu da na'urarta, ta ɗaura shuɗi a na cikin gida, ja a na janareta. Farin ya rage a hannunta, babu wayarsa. Serah ta karɓa, ta ɗaure shi a jikin ƙararrawar, ta rataye ta a ƙusar da Yunana yake rataya zarto. Babu waya ko ɗaya a jikinta.

Da yammacin rana ta biyu muka taru a tsakar gidan, ni da Serah da Judith da Indo da Maiwada, muna jiran mu ga ko aikin ya yi. Duhu ya sauko ta kan katanga. Sai fitilar ƙofar ɗaki ta kama, ta madafa ta kama, ta ɗakin Serah ta kama, farare tas. Babu abin da ya kaɗa. Serah ta ɗaga kai ta dubi fitilar ƙofarta ta daɗe. Kwanon tuwo ɗaya ne a gefenta.

Indo ta ce, "To, tsoho, aljanunka sun koma gida."

"Ba aljanu ba ne," in ji Judith. "Batir ne da waya. Ido ya ga duhu, inbata ta kama, wuta ta shiga layin, ƙararrawa ta kaɗa. Shi ke nan."

Tun da muka zauna Maiwada yake ta murza hularsa a gwiwa. Sai ya gyara zama.

"Judith, ni manomi ne, ki gafarce ni. Kin ce ƙararrawar ba ta kaɗawa sai wuta ta riga ta shiga wayar?"

"Haka ne. Wutar ce ke juya ta."

"Ba ta kaɗawa kafin nan? Ko da kaɗan?"

"Ba yadda za a yi. Wuta ba ta tafiya a ƙafa. Tana shiga nan, ta kai can."

Ya dubi ƙofar garejin, inda farin tsumman ke rataye a cikin duhu. Ya dubi hannayen matarsa.

"Ina tsaye bayan Baba Inuwa ranar nan. Ƙafarta cikin ruwa, hannu biyu a kan waya, ƙararrawa ta kaɗa sau uku, na ƙirga. To, wa ya riƙe wutar har ta saki?"